Wa Ya Ce Gwamna Ya Fi Ƙarfin Tsarin Mulki?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a unguwanninmu na kurmi, tun daga Agege da Idi-Araba a Ikko, zuwa Sabo ta Badun, har Anacha da Fatakwal. Duk ranar da ma'aikatan wata jiha suka rushe wa mai tireda rumfarsa ba tare da sanarwa ba, ko suka kwashe samari a mota don kawai an ji suna Hausa, sai ka ga wani dattijo ya gyara zama ya ce, "To, garin wasu ne, sai haƙuri." Su kuwa masu kakin cewa suke yi, "Jiharmu ce, dokarmu ce, wanda bai so ba ya koma inda ya fito." Maganganun nan biyu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, domin dukansu sun yarda cewa 'yancin mutum yana ƙarewa a kan iyakar jiharsu. Da izinin dattawanmu, mun ƙi wannan magana, kuma za mu faɗi dalili.

Dalilin namu yana cikin tarihin Amurka, ƙasar da muka kwaikwayo tun 1979 wajen shugaba mai cikakken iko da gwamnoni da majalisu biyu na tarayya. Mun ɗauko musu fasalin gida, to ya kamata mu san irin gobarar da ta taɓa tashi a cikinsa. Su ma sun yi zamanin "jiharmu ce, dokarmu ce", kuma sai da ya ci musu rayuka masu yawa kafin su rabu da shi.

TAKARDAR DA TA ƊAURE HANNU ƊAYA

An rubuta Tsarin Mulkin Amurka a 1787, aka ƙara masa gyare-gyare guda 10 a 1791, waɗanda suka ƙunshi 'yancin magana da na addini da na jarida, da hana shiga gidan mutum ba da izinin alƙali ba, da hana karɓe masa dukiya ba diyya. Amma waɗanda suka rubuta su gwamnatin tarayya kaɗai suke tsoro, domin ba su daɗe da fita daga hannun Sarkin Ingila ba, suna gudun kada su naɗa wani sarkin a gida. Mutum ɗaya ya hango ɓarakar, wato James Madison. A 1789 ya kawo shawarar a hana jihohi su ma taɓa 'yancin addini da na jarida da shari'ar juri, watau shari'ar da talakawan gari ke zama su yanke ko mutum ya yi laifi. Majalisar Wakilai ta amince, Majalisar Dattawa ta yi watsi da ita. Ba abin mamaki ba ne, domin a wancan zamani majalisun jihohi ne ke zaɓen sanatoci. An ba kura ajiyar akuya ke nan.

Ba a daɗe ba aka ga sakamakon. Wani mutum mai suna John Barron yana da matsayar jiragen ruwa a Baltimore, tana kawo masa riba. Hukumar birnin ta tashi gyaran tituna, ta karkatar da magudanan ruwa, yashi da taɓo suka taru a matsayar har manyan jirage suka daina zuwa. Kotun farko ta ba shi diyyar dala 4,500, kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta soke. Ya garzaya Kotun Ƙoli yana riƙe da gyara na 5, wanda ya hana a ci dukiyar mutum don amfanin jama'a ba a biya shi ba. A 1833 Babban Joji John Marshall da sauran alƙalai baki ɗaya suka ce masa wannan hani gwamnatin tarayya ya shafa, ba ruwansa da jiha ko birni. Barron ya koma gida hannu rabbana.

Jama'a, a duba abin da wannan hukunci ya haifar. Jihohin kudancin Amurka masu bayi suka haramta rubuce-rubucen masu neman a daina bauta, wasunsu suka mai da koya wa bawa karatu laifi. Jihar South Carolina ta yi doka a 1822 cewa duk baƙar fata ɗa, wanda ba bawan kowa ba, da ya zo cikin ma'aikatan jirgin ruwa, a tsare shi a kurkuku har jirginsa ya tashi. Laifinsa ɗaya, ya zo daga wani wuri neman abinci. Da jihar Massachusetts ta aiko wani lauya, Samuel Hoar, a 1844 don ya kai maganar kotu, korarsa aka yi daga garin Charleston. Wanda ya taɓa kwana a bayan kanta don kawai an gan shi da jaka a tasha ba ya bukatar a yi masa fassarar wannan labari.

ALKAWARIN 1868 DA YADDA AKA CI SHI

Sai da aka gwabza yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865, aka rasa mutum fiye da 600,000, sannan aka soke bauta. Ko jinin bai bushe ba jihohin kudu suka fito da sababbin dokoki na kama baƙar fata da sunan zaman kashe wando, a ci shi tara, in ya kasa biya a ba da hayarsa ga mai gona. Wannan ne ya sa aka yi gyara na 14 a 1868, wanda wani wakili daga Ohio, John Bingham, ya tsara muhimmin sashensa. Gyaran ya fuskanci jihohi ƙiri da muzu. Ya hana su tauye haƙƙoƙin ɗan ƙasa, ya hana su raba mutum da ransa ko 'yancinsa ko dukiyarsa ba ta hanyar shari'a ba, ya kuma wajabta musu ba kowa kariyar doka daidai wa daida. Akwai kuma wani abu a cikinsa da muke so mai karatu ya riƙe, domin za mu dawo kansa: ya ce ɗan ƙasa ɗan jihar da yake zaune a cikinta ne.

Sai mutum ya zaci magana ta ƙare, ashe da sauran rina a kaba. Jihar Louisiana ta ba kamfani ɗaya tak ikon mayankar birnin New Orleans har shekara 25, mahautan garin suka kai ƙara cewa an tauye musu sana'a. A 1873 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta kayar da mahautan, ta kuma fassara haƙƙoƙin ɗan ƙasa da ke cikin gyaran da ƙunci ƙwarai, har suka koma 'yan abubuwa kaɗan irin su kariya a kan teku. A shekarar nan ce kuma fararen fata ɗauke da bindigogi suka kashe baƙar fata fiye da 60 a garin Colfax na jihar, a kan rikicin zaɓe. Gwamnatin tarayya ta gurfanar da wasu daga cikinsu, amma a 1876 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin, ta ce irin wannan al'amari na jiha ne. Jihar kuwa ba ta hukunta kowa ba. Wannan ita ce fassarar "jiharmu ce" idan an tuɓe mata riga.

Abin takaici, haƙƙin farko da ya samu ƙetare iyakar jiha ba na talaka ba ne. A 1897, a shari'ar wani kamfanin jirgin ƙasa da birnin Chicago, kotu ta yarda cewa jiha ma dole ta biya diyya idan ta karɓi dukiya, wato abin da aka hana Barron shekara 64 da suka wuce. Shekara ɗaya kafin nan, a 1896, kotun nan ta halatta wa jihohi raba baƙi da fari a taragon jirgi. Filin kamfani ya samu shiga inuwar Tsarin Mulki, fasinja baƙar fata yana tsaye a rana.

ƊAYA BAYAN ƊAYA

Daga nan aka shiga tafiyar hawainiya. A 1925, a shari'ar wani ɗan gurguzu mai suna Benjamin Gitlow, kotu ta ɗauka cewa 'yancin magana ya hau kan jihohi, ko da yake shi kansa bai tsira daga ɗauri ba. A 1931 ta hana jihar Minnesota rufe wata jarida. A 1932 ta soke hukuncin kisa da aka yanke wa wasu samari baƙar fata a Scottsboro ta jihar Alabama, waɗanda aka kama su 9 a jirgin kaya, aka yi musu shari'ar gaggawa ba tare da lauya na kirki ba. A 1936 ta soke hukuncin wasu manoma 3 a Mississippi, waɗanda aka yi wa bulala har suka amsa laifin kisa, kuma ɗan sandan da ya doke su ya faɗi haka da bakinsa a gaban kotu ba tare da jin kunya ba. A 1940 'yancin addini ya bi sahu.

Jinkirin nan rai yake ci. Wani mai suna Palko ya kashe 'yan sanda a jihar Connecticut, aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Jihar ba ta gamsu ba, ta sa aka sake shari'ar, aka yanke masa kisa. Da a kotun tarayya ne da ba a isa a yi masa shari'a sau biyu a kan laifi ɗaya ba, amma a 1937 Kotun Ƙoli ta ce wannan kariya ba ta kai jiha ba, aka kashe shi a 1938. A 1969 kotun ta dawo ta ce ta yi kuskure. Ihu bayan hari.

A 1947 wani alƙali, Hugo Black, ya ce a daina wannan tsintar, a ɗora gyare-gyaren gaba ɗaya a kan jihohi, domin a fahimtarsa nufin mutanen 1868 ke nan. Shi kuwa mutumin Alabama ne, har ya taɓa zama ɗan ƙungiyar Ku Klux Klan mai ƙin baƙar fata, saboda haka ya san cikin gida ya san bayansa. An kayar da shi 5 da 4, kuma kotu ba ta taɓa karɓar ra'ayinsa dungurungum ba. Amma a zamanin Babban Joji Earl Warren, daga 1953 zuwa 1969, sai da aka ɗauko kusan duk abin da ya nema, ɗaya bayan ɗaya. A 1961, a shari'ar wata mata mai suna Dollree Mapp, wadda 'yan sandan Cleveland suka fasa wa gida ba da takardar alƙali ta gaskiya ba, aka ce shaidar da aka samo ta haramtacciyar hanya ba ta shiga kotun jiha. A 1968 aka tabbatar da shari'ar juri, saboda wani saurayi baƙar fata, Gary Duncan, da aka ɗaure kwana 60 a Louisiana a kan zargin ya mari wani yaro fari a gwiwar hannu.

Wanda ya fi cancanta mu tuna shi ne Clarence Earl Gideon, wani talaka mai ƙarancin karatu, wanda aka zarga da fasa wani ɗakin wasa a jihar Florida a 1961. Ya roƙi alƙali ya ba shi lauya tunda ba shi da kuɗi, alƙali ya ce dokar jihar ba ta ba da lauya sai ga wanda ake nema da kisa. Ya kare kansa iyakar iyawarsa, aka ɗaure shi shekara 5. Daga cikin kurkuku ya ɗauki fensir ya rubuta wa Kotun Ƙoli ƙararsa da hannunsa. A 1963 alƙalai 9 baki ɗaya suka ce jiha dole ta ba talaka lauya a babban laifi. Aka sake shari'ar, wannan karon da lauya a gefensa, aka wanke shi. Da Gideon ya ce garin wasu ne sai haƙuri, da ya cinye shekarunsa 5, da wasu dubbai sun biyo bayansa.

Aikin bai tsaya nan ba. Sai a 2019 aka hana jihohi cin tara mai wuce kima, bayan jihar Indiana ta ƙwace wa wani mutum motar dala 42,000 a kan laifin da mafi girman tararsa dala 10,000 ce. Daga 1791 zuwa 2019 shekara 228 ke nan.

HUJJAR MASU CEWA A BAR JIHA

Masu kare ikon jihohi suna da hujja, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Suna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, gwamna ya fi alƙalin da ke babban birni sanin matsalar garinsa, kuma alƙalan ba wanda ya zaɓe su. Manyan alƙalai irin su Felix Frankfurter sun riƙi wani abu mai kama da wannan. Suna ƙarawa da cewa gwamnatin tarayya ita ma tana zalunci, kuma ba kowane hukunci ne ke yi wa kowa daɗi ba, kamar na 2010 da ya taƙaita ikon birnin Chicago na hana riƙe bindiga. Duk wannan gaskiya ne.

To amma a tambayi mai ɗakin, wa yake kwantarwa a ƙarƙashin yoyon? Baƙo da marar galihu, waɗanda ƙuri'arsu ba ta kayar da kowa. Gwamna yana tsoron masu rinjaye ne, kuma sau da yawa takura wa baƙo ƙuri'a take ƙara masa. Saboda haka ne ake bukatar wani hannu daga waje wanda ba ya jiran zaɓe. Talaka kuwa ba a fadar shugaban ƙasa yake gamuwa da hukuma ba. A tasha yake gamuwa da ita, da kasuwa, da ofishin haraji, da ƙaramar kotu, kuma yawancin waɗannan a hannun jiha da ƙaramar hukuma suke. Haƙƙin da ya ɗaure wanda yake nesa ya saki wanda yake bakin ƙofa, ina amfaninsa? Iyayenmu da suka ga zamanin 'yan doka da gidajen yarin En'e, kafin sojoji su raba En'e da su bayan 1966, sun san cewa sandar da ta fi kusa ita ta fi zafi.

MU KUMA FA?

Abin da ya ci wa Amurkawa shekaru masu yawa, mu a takarda muka same shi tun ranar farko. Hukumar Willink, wadda ta binciki tsoron ƙananan ƙabilu, ta ba da shawara a 1958 a rubuta haƙƙoƙin ɗan'adam, aka sa su a Tsarin Mulkin 1960, suka hau kan gwamnatin tarayya da na yankuna baki ɗaya. Na 1999 ya ce a sashe na 1 shi ne gaba da kowace hukuma da kowane mutum, kuma duk dokar da ta saɓa masa ta rushe. Sashe na 41 ya ba ɗan Nijeriya damar zuwa ko'ina ya zauna. Na 42 ya hana a bambanta shi saboda ƙabila ko asali ko addini. Na 43 ya ba shi damar mallakar gida a kowane yanki. Na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma wanda aka tsare ba bisa doka ba a biya shi diyya a ba shi haƙuri a fili. Na 36 ya ce a gaya masa laifinsa da harshen da yake ji, a ba shi tafinta kyauta. Na 46 ya buɗe masa ƙofar Babbar Kotu a jihar da aka cuce shi. Babu gwamnan da aka keɓe a cikin waɗannan.

Duk da haka, a 2011 gwamnatin jihar Abiya ta sallami ma'aikatanta waɗanda ba 'yan asalin jihar ba. A 2013 hukumomin jihar Ikko suka kwashi wasu marasa galihu suka sauke su a Anacha, har daga baya gwamnan ya ba da haƙuri. A 2019 aka tare mutum 123 daga Jigawa a cikin babbar mota a Ikko, aka tsare su, sannan aka sake su. Babu wanda ya ce jiha ba ta da ikon yin dokar kasuwa ko ta tsabta ko ta hana acaba a wasu tituna. Tana da shi, kuma wajibi ne mu bi, domin mai neman doka ta kare shi ba ya fara taka ta. Sharaɗin shi ne dokar ta hau kan kowa, a kama mutum saboda abin da ya yi. Idan hularsa ko harshensa ne laifinsa, an fita daga doka an shiga zalunci.

Akwai kuma giɓin da ya rage mana. Mun ce Amurkawa sun rubuta tun 1868 cewa mutum ɗan jihar da yake zaune ne. Namu Tsarin Mulkin ya ambaci cikakken haƙƙin mazauni a sashe na 15, amma a babin da kotu ba ta iya tilastawa, sannan ya bar maganar ɗan asali da ƙarfinta. Shi ya sa yaron da aka haifi kakansa a Sabo ta Badun, wanda Yarbanci ya fi kama bakinsa, ake aika shi neman takardar asali a ƙauyen da bai taɓa takawa ba. Wannan gyara ya kamata mu riƙa tambayar duk mai neman ƙuri'armu, mu ji matsayinsa kafin mu ɗaga masa hannu.

Kada kuma mu yi tuya mu manta da albasa. Sashe na 41 da ke kare mai sayar da albasa a Mile 12 shi ne ke kare Ibo mai kayan mota a Sabon Garin Kano. A 2017, da wasu ƙungiyoyin matasa suka taru a Kaduna suka ba Ibo wa'adin barin Arewa, duk wanda ya tafa musu daga cikinmu tsanin da yake tsaye a kai ya sara. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Saboda haka muna kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi da na mahauta. Kuɗin da ake tarawa a kai wa wani babba don a sako yara, a ware wani kaso a riƙe lauya na dindindin. Duk wanda aka kama a rubuta sunansa da rana da wuri da shaidu. A nemi ofishin Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa tun 1976 domin marasa ƙarfi. Cin hanci yana fitar da yaro ɗaya yau, gobe a kamo goma, amma hukunci ɗaya na Babbar Kotu kan sa ma'aikaci ya yi tunani sau biyu kafin ya sake. Haƙuri halin kirki ne a tsakaninka da maƙwabcinka. A gaban hukumar da ta taka doka kuwa, shirunka izini ne ka ba ta a kan na bayanka. Gideon fensir kawai gare shi a cikin kurkuku. Mu muna da sassan doka a rubuce, da kotuna a buɗe, da jama'a mai yawa, to mene ne uzurinmu?

Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya kuma ba shugabanni ikon yin adalci, amin.